Yadda Geraint Thomas ya tashi daga tseren minti huɗu ya ci gasar mako uku

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce yaya aka yi Geraint Thomas, ɗan yankin Wales da aka fara saninsa da tseren keke na cikin fili wanda bai cika minti huɗu ba, ya zo ya lashe Tour de France ta 2018, gasar da ake kwashe mako uku ana fafatawa a kan titi da tsaunuka. Ka kuma ce wani abokinka ya gaya maka cewa sa'a ce kawai, wai yaron Chris Froome ne, wato jagoran ƙungiyarsu, da ya tsinci dami a kala a shekarar da maigidansa ya gaji.

Ban yarda da abokin naka ba. Akwai ƙamshin gaskiya a wani ɓangare na maganarsa, kuma zan zo kansa, amma duk wanda ya bi mutumin nan tun yana yaro ya san cewa abin da ya faru a 2018 ya daɗe yana tafe. Karayar ƙashi ce ta yi ta jinkirta shi, sai kuma hidimar da ya ɗauki shekaru yana yi wa wasu.

Sai ka fara fahimtar irin tseren da ya fito da shi, domin a nan mutane da yawa suke kuskure. Da an ce minti huɗu sai su ɗauka gajeren gudu ne irin na mita ɗari. Ba haka ba ne. Tawaga biyu ake sakawa, kowacce da mahaya huɗu, ɗaya ta tashi daga wannan gefen filin, ɗayar daga wancan. Filin na katako ne, zagayensa mita 250, an ɗaga kwanoninsa biyu sun karkata ƙwarai. Za a zagaya sau 16, wato kilomita 4. Keken ba shi da birki, giyarsa ɗaya tak, kuma muddin taya na juyawa feda ba ta tsayawa. Mahayan huɗu suna jeruwa a layi, tayar gaba ta na baya ba ta fi 'yan santimita ba tsakaninta da tayar baya ta na gabansa. Na gaba shi ke shan iska. Idan ya ja zagaye ɗaya ko biyu sai ya haura gangaren kwana, sauran ukun su wuce ta ƙarƙashinsa, ya sauko ya manne a bayan na ƙarshe. Agogo yana tsayawa ne idan mutum na uku ya tsallake layi, don haka ƙarfin gwani ɗaya ba ya amfani idan ya tsinka layin ya bar 'yan'uwansa.

A gasar Olamfik ta Beijing a 2008, Thomas da Ed Clancy da Paul Manning da Bradley Wiggins sun ci zinare, sun kafa tarihin duniya da minti 3 da sakan 53.314. A Landan a 2012, shi da Clancy da Steven Burke da Peter Kennaugh suka sake cin zinaren da 3:51.659. Idan ka lissafa, gudun ya haura kilomita 62 a awa, kuma daga tsaye aka tashi. Ya kuma zama zakaran duniya a wannan fanni sau uku, a 2007 da 2008 da 2012.

To, abin lura shi ne jikin ɗan Adam ba ya iya yin aikin minti huɗu da ƙarfin tsoka na gaggawa kaɗai, wancan ƙarfin yana ƙarewa cikin 'yan sakanni. Mafi yawan ƙarfin da ake kashewa a wannan tsere daga zuciya da huhu yake fitowa, wato yawan iskar da jini ke iya kaiwa ga tsoka a kowane minti. Shi ne kuma dai abin da ke kai mutum kan tsauni. Ka ga kenan injin ɗaya ne. Bambancin yana wajen nauyi. A fili mai lebur babban abokin gabarka iska ce, kilo biyu ko uku na ƙarin tsoka ba sa cutar da kai, suna ma taimako. A kan tsauni kuwa kowane kilo sai ka ɗauke shi da ƙafarka ka hau da shi, shi ya sa masu horarwa ke auna ƙarfin mahayi su raba shi da nauyinsa. Manyan masu hawan tsauni suna riƙe kusan wat shida (wat shi ne ma'aunin ƙarfin da ƙafa ke ba feda) a kowane kilo na jikinsu na tsawon rabin awa ko fiye. Aikin da ke gaban Thomas bayan 2012 shi ne ya zubar da kilo masu yawa ba tare da ya zubar da ƙarfin ba, sannan ya koya wa jikinsa farfaɗowa cikin dare ɗaya, yau da gobe, har zango 21, kowane zango tseren yini guda. Wiggins ya riga shi bin wannan hanyar, ya ci Tour a 2012, saboda haka ba a duhu yake lalube ba.

Kada kuma ka ɗauka sai bayan Olamfik ya fara taka kwalta. An haife shi a Cardiff ranar 25 ga Mayu, 1986. Yana da shekara goma ya shiga ƙungiyar yara ta Maindy Flyers, wadda ke atisaye a wani tsohon filin keke na waje a birnin, filin da aka yi tseren keke na gasar ƙasashen renon Ingila a 1958. Daga wannan ƙungiyar ne su Luke Rowe da Owain Doull da Elinor Barker suka fito daga baya. Makarantar sakandaren da ya yi, Whitchurch, ita ce ta yaye Gareth Bale ɗan ƙwallo da Sam Warburton ɗan wasan zari-ruga. A 2004, yana matashi, ya zama zakaran duniya na matasa a ɗaya daga cikin tseren fili, kuma a shekarar ya ci Paris-Roubaix ta matasa, tseren da ake yi a kan tsofaffin hanyoyin duwatsu na arewacin Faransa. Tun farko ƙafarsa ɗaya tana katako, ɗaya tana titi.

Ya faɗo a lokaci mai kyau. Birtaniya ta gina filin Manchester a 1994, kuma daga 1997 kuɗin cacar ƙasa suka fara tallafa wa manyan 'yan wasa. Hukumar keke ta buɗe makarantar horar da matasa ƙarƙashin Rod Ellingworth, inda Thomas ya zauna tare da Mark Cavendish, wanda ya zama gwanin gudun ƙarshen zango, da Clancy. A nan ne ya gamu da babbar jarrabawarsa ta farko. A watan Fabrairun 2005, suna atisaye a Sydney ta Ostareliya, wani guntun ƙarfe ya shiga tayarsa ta gaba, ya faɗi, saifarsa ta fashe, sai da aka cire ta. Bai cika shekara goma sha tara ba. Shekara guda bayan haka ya ciyo wa Wales tagulla a gasar ƙasashen renon Ingila a Melbourne. A wannan gasar Wales da tutarta take shiga, kamar yadda take yi a ƙwallon ƙafa, kuma mutumin yana ɗaukar wannan rigar da muhimmanci ƙwarai.

A 2007 ƙungiyar Barloworld ta kai shi Tour de France, wadda aka fara daga Landan a shekarar. Shi ne mafi ƙarancin shekaru a gasar, kuma ɗan Wales na farko da ya shiga tun bayan Colin Lewis a shekarun 1960. Mutum 141 suka isa Paris, shi ne na 140, fiye da awa uku da rabi a bayan Alberto Contador, wanda ya ci gasar. Wani zai ga wannan a matsayin abin kunya. Ni ina ganinsa a matsayin shaida ta farko. Yaro ɗan shekara 21, mai jikin ɗan tseren fili, ba wanda ya sa ran zai haye tsaunukan Alps, sai ga shi ya haye su ya haye na Pyrenees, kullum yana isa kafin a rufe lokaci. A Tour, duk wanda ya makara fiye da ƙa'ida a zango ɗaya gida za a tura shi.

Yanzu maganar "yaron Froome". Gaskiya ne ya yi wa Froome hidima, amma sai ka san mece ce hidimar. Tseren titi wasan ƙungiya ne da mutum ɗaya ke karɓar kofi. Duk wanda ya taɓa bin bayan babbar mota da babur a ranar da iska ke kaɗawa ya san yadda tafiya ke sauƙi a wurin. Mahayin da ke bayan wani yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar da zai sha. Don haka kowace ƙungiya tana da jagora, sauran kuma aikinsu su tare masa iska, su koma mota su ɗebo masa ruwa da abinci, su ba shi tayarsu ko kekensu idan nasa ya lalace, su ja gudun a kan tsauni har abokan hamayya su zube. Na ƙarshe a wannan jerin, wanda ke tare da jagora bayan saura sun gaji, dole ya kasance cikin mafi ƙarfin mutum goma a duniya a ranar. Ba a ba rago wannan aikin. Thomas ya koma Team Sky tun kafuwarta a 2010, a ƙarƙashin Dave Brailsford, ya zama zakaran Birtaniya na titi a shekarar, ya zo na biyu a zangon duwatsu na Tour bayan Thor Hushovd, ya kuma sa farar rigar matashin da ya fi kowa na wasu kwanaki.

Tour ta 2013 ita ce ta nuna irin zuciyarsa. A zangon farko a tsibirin Corsica ya faɗi, hoto ya nuna ƙashin ƙugunsa ya tsage. A kwanakin farko da ƙyar yake ɗaga ƙafa ya hau keken. Bai janye ba. Ya yi sauran zango ashirin ɗin a haka, ya ci gaba da yi wa Froome aiki har Paris, inda Froome ya ci Tour ɗinsa ta farko. Ba zan taɓa ba wani matashi shawarar ya yi tsere da karyayyen ƙashi ba, kuma ina ganin a yau da wuya likitocin ƙungiya su bari. Amma idan ana maganar ko mutumin nan yana da juriyar mako uku, wannan ta isa amsa.

Tsakanin 2014 da 2016 ya tsaya a mararraba. Yana da kyau a tseren kwana ɗaya na Beljiyam da arewacin Faransa, inda iska da sanyi da duwatsu ke hukunci. A 2014 ya zo na takwas a Tour of Flanders, na bakwai a Paris-Roubaix, sannan ya ci wa Wales zinare a tseren titi na gasar ƙasashen renon Ingila a Glasgow, cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, duk da tayarsa ta yi faci saura 'yan kilomita. A 2015 ya ci E3 Harelbeke, ɗan Birtaniya na farko da ya yi hakan, kuma bayan kwana biyu ya zo na uku a Gent-Wevelgem duk da iska ta ɗauke shi ta jefa gefen titi. Har yau akwai masu cewa da ya tsaya a nan da ya ci ɗaya daga cikin manyan tseren kwana ɗaya. Mai yiwuwa ne, kuma ni ma na so ganin haka. Sai dai Tour ta 2015 ta nuna masa wata ƙofa. Yana yi wa Froome hidima, amma har mako na uku yana cikin na gaba-gaba a jadawali. A zango na 16, wajen gangarowa daga Col de Manse, Warren Barguil ya kasa shan kwana ya bangaje shi, kansa ya daki falwayar waya ya faɗa rami. Ya fito ya hau keke ya ƙarasa, har ya yi wa 'yan jarida raha cewa likita ya tambaye shi sunansa ya ce Chris Froome. Yana na huɗu har zuwa zango na 19, ranar da jikinsa ya ƙi, ya yi asarar fiye da minti ashirin, ya ƙare na 15. Darasin da ya ɗauka shi ne idan mai yi wa wani aiki zai iya kaiwa haka, to mai adana ƙarfinsa don kansa zai iya wucewa.

Daga nan ya karkata gaba ɗaya zuwa tseren kwanaki. Rage abinci, auna duk abin da zai shiga baki, zaman makonni a saman dutsen Teide na tsibirin Tenerife, sama da mita 2,000, inda iska ke da ƙaranci jini kuma ke ƙara ƙarfi, ƙarƙashin mai horarwa Tim Kerrison. A 2016 ya ci Paris-Nice da tazarar sakan huɗu a kan Contador, mutumin da ya ba shi ratar awanni a 2007.

Idan akwai shekarar da za a yi maganar sa'a, to 2017 ce, kuma rashinta ne. Ya je Giro d'Italia, gasar mako uku ta Italiya, a matsayin jagora tare da Mikel Landa, bayan ya ci Tour of the Alps. A zango na 9, dab da hawan Blockhaus, wani babur na 'yan sanda ya tsaya a gefen titi, wani mahayi ya goge shi, Thomas da Landa da wasu suka zube. Kafaɗarsa ta goce. Ya daure ya zo na biyu a tseren agogo na zangon da ya biyo baya, wato wanda kowa ke tafiya shi kaɗai ana auna lokacinsa, amma bayan 'yan kwanaki dole ya janye. A watan Yuli ya ci zangon farko na Tour a Düsseldorf cikin ruwan sama, ya zama ɗan Wales na farko da ya sa riga mai ruwan ɗorawa ta jagoran gasa. A zango na 9, yana na biyu a jadawali, ya faɗi a gangaren Col de la Biche, ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa ya karye.

Sai 2018. Ga inda abokinka ke da gaskiya: Froome ya shigo Tour bayan ya ci Giro a watan Mayu, Tom Dumoulin ma ya yi wannan Giro ɗin ya zo na biyu, kuma yin manyan gasa biyu a jere yana cin jiki. Froome ya kuma faɗi a zangon farko ya rasa kusan minti guda. Duk wannan haka ne. Amma Thomas ya shigo ne bayan ya ci Critérium du Dauphiné a watan Yuni, gasar da ake auna wanda ya shirya wa Tour da ita, ya kuma zama zakaran Birtaniya na tseren agogo. Tafiyar ta kai kilomita 3,351, mahaya 176 suka tashi. A kwana tara na farko, lokacin da faɗuwa da iska da duwatsun Roubaix ke cin manyan mutane, shi bai rasa komai ba. Wannan ba sa'a ba ce, aikin shekarun da ya yi a Beljiyam ne da kuma sabon da ya yi da bin tayar wani a kusa ba tare da tsoro ba.

A zango na 11 zuwa La Rosière, ya bar rukunin manyan saura 'yan kilomita, ya kamo Dumoulin, ya bar shi, ya cimma Mikel Nieve, wanda ke gaba shi kaɗai, a mitocin ƙarshe ya wuce shi. Ya ci zangon ya karɓi rigar. Washegari Alpe d'Huez, kilomita 13.8 na hawa da lanƙwasar hanya 21, mutane sun cika titi har da ƙyar keke ke wucewa, hayaƙi ya turnuƙe, a cikin wannan cunkoson ne Vincenzo Nibali ya faɗi ya karya ƙashin baya. Egan Bernal, abokin ƙungiyarsa ɗan shekara 21 a lokacin, ya ja gudun har rukunin ya koma 'yan tsiraru. Froome ya kai hari, Dumoulin ya dawo da shi. Romain Bardet ya gwada. A ƙarshe su biyar suka rage, suka rage gudu suna kallon juna. Thomas ya shiga kwanar ƙarshe a gaba, ya ɗauki layi mai faɗi yadda ɗan fili ke yi don kada gudunsa ya ragu, ya miƙe ya bar su. Ka lura da wannan: bayan awa biyar a kan keke da manyan tsaunuka uku, har yanzu akwai ragowar ƙarfin nan na minti huɗu a ƙafarsa, abin da zallan masu hawan tsauni ba su da shi. Da shi ya riƙa tsintar sakannin garaɓasa da ake rage wa ukun farko a zango daga lokacinsu.

Duk da haka, kullum aka tambaye shi sai ya ce Froome ne jagora. Tsaunukan Pyrenees ne suka raba gardama. A zango na 17, gajere mai kilomita 65 da ya ƙare a Col du Portet, Froome ya kasa bin sawu a kilomitocin ƙarshe, Thomas kuwa ya ƙara wa Dumoulin rata. A zango na 19 ya zo na biyu bayan Primož Roglič. A tseren agogo na zango na 20 tayarsa ta baya ta zame a wata kwana, ya riƙe keken, ya sassauta ya ƙare na uku. Ya isa Paris da tazarar minti 1 da sakan 51 a kan Dumoulin, Froome na uku. Cikin mako uku ba a ga ranar da wani daga cikin masu neman kofin ya fi shi ƙarfi a kan tsauni ba. Shi ne ɗan Wales na farko da ya ci Tour, kuma na farko da aka haifa a cikin Birtaniya, domin Wiggins a Beljiyam aka haife shi, Froome kuma a Kenya. Masu kallon BBC suka zaɓe shi gwarzon wasanni na shekarar, aka kuma sa wa filin keke na ƙasa da ke Newport sunansa.

Akwai abin da bai kamata in tsallake ba, tunda duk wanda ya san tarihin keke zai yi tambayar. An yi wa Team Sky ihu a titunan Faransa a wannan shekarar, har a kan dandamalin Alpe d'Huez. Dalili kuwa, an binciki Froome kan yawan wani maganin asma da aka gani a fitsarinsa a Vuelta ta 2017, gasar mako uku ta Sifen, ba a wanke shi ba sai 'yan kwanaki kafin a fara Tour. A watan Maris na 2018 kuma wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya zargi ƙungiyar da wuce gona da iri wajen amfani da takardun izinin magani. Bayan abin da wasan ya gani a zamanin Lance Armstrong, wanda aka ƙwace wa kofunan Tour saboda amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, ba na ganin laifin mai shakka. Abin da zan ce game da Thomas shi kansa: ba a taɓa kama shi da laifin ƙwaya ba, kuma ci gabansa a hankali ya zo, mataki-mataki cikin fiye da shekara goma, a gaban idon kowa.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan maganar sa'a ita ce abin da ya biyo baya. Wanda ya tsinci abu sau ɗaya ba ya dawowa. A 2019 ya zo na biyu bayan abokin ƙungiyarsa Bernal da minti 1 da sakan 11, a shekarar da ƙanƙara da zaftarewar ƙasa suka sa aka tsayar da zango na 19 a tsakiya. A Giro ta 2020 gorar ruwa ta gangaro ƙarƙashin tayarsa tun ba a fara tseren zango na 3 sosai ba, ƙugun ya sake tsagewa. Mutane da yawa suka ce ya ƙare. A 2021 ya ci Tour de Romandie. A 2022, yana da shekara 36, ya ci Tour de Suisse, sannan ya zo na uku a Tour bayan Jonas Vingegaard da Tadej Pogačar, matasan da suka ɗaga gudun wasan zuwa wani mataki dabam.

Giro ta 2023 har yanzu tana yi mini ciwo. Remco Evenepoel, wanda ke jagorantar gasar, ya janye saboda korona, rigar jagora ta koma hannun Thomas, ya cika shekara 37 yana sanye da ita. Ya shiga zango na 20 da tazarar sakan 26 a kan Roglič. Tseren agogo ne na kilomita 18.6, rabin farko lebur, sannan a sauya keke a hau Monte Lussari, siririyar hanyar siminti mai tsananin tsayi dab da iyakar Sloveniya, ƙasar Roglič, kuma 'yan ƙasarsa sun cika dutsen. Sarƙar keken Roglič ta zame a tsakiyar hawan, ya sauka ya gyara, kowa ya ɗauka an gama. Amma ƙafafun Thomas suka mutu a kilomitocin ƙarshe, Roglič ya fi shi da sakan 40, ya ƙwace gasar da sakan 14 bayan mako uku. Bai kawo wani uzuri ba, ya ce wanda ya fi shi ne ya ci. Washegari a Rum, saura kamar kilomita biyu, ya ga Cavendish, wanda ke wata ƙungiyar dabam, ba shi da isassun masu ja masa. Sai ya fito gaba ya yi masa alama ya bi tayarsa, ya ja layin da ƙarfi ya ajiye shi a wuri mai kyau, Cavendish ya ci zangon. Mutumin da aka ƙwace wa Giro jiya ne ya yi wannan, don abokin da suka taso tare a Manchester. A wurina wannan ja ɗin da wanda yake yi wa Clancy a filin katako aiki ɗaya ne.

A 2024 ya sake hawa dandamalin Giro a matsayi na uku, bayan Pogačar da Daniel Martínez, yana da shekara 38. A 2025 ya yi Tour ɗinsa ta 14, sannan ya yi ritaya a watan Satumba a Tour of Britain, wadda zangonta na ƙarshe ya tashi daga filin da ke ɗauke da sunansa a Newport ya ƙare a Cardiff.

Ba zan sa shi a sahun manyan zakaru irin su Eddy Merckx ko Pogačar ba, bai kai yawan nasarorinsu ba, Froome ma ya fi shi kofuna nesa ba kusa ba. Yawan faɗuwarsa kuma ba duka ba ne laifin wasu, akwai waɗanda nasa ne. Amma ka nemi mutanen da suka haɗa zinaren Olamfik a fili da babban tseren duwatsu na Beljiyam da kuma Tour de France, za ka ga da wuya ka samu na biyunsa.

Idan kana son ka gamsar da abokinka, ku nemi bidiyo biyu ku kalla a jere. Na farko wasan ƙarshe na Landan 2012 da Ostareliya. Kada ku kalli agogo, ku kalli kafaɗun Thomas da ƙugunsa lokacin da yake gaba, ba sa motsi, ƙafafu kaɗai ke aiki, sannan ku ga yadda yake haurawa kwana ya sauko daidai kan tayar na ƙarshe ba tare da ya bar rata ba. Na biyu kilomita biyar na ƙarshe na Alpe d'Huez a 2018. Duk lokacin da wani ya kai hari, ba ya zabura ya bi nan take, yana zaune a kan sirdi, ya bar Dumoulin ya rufe ratar shi kuma yana manne a bayansa, bai kashe ƙarfinsa ba sai a mita ɗari biyu ko uku na ƙarshe.